Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Motocin Alfarma Na Amurka

Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta ce, "To ni uwargida me ya haɗa ni da zancen inji da ƙarafa?" Ki yi haƙuri ki biyo ni. Duk macen da ta taɓa ɓoye sarƙar gwal a ƙasan akwati, ko ta jera kwanuka a kabad tana cewa wata rana za su yi mata rana, ta riga ta san tambayar da ke raina: cikin kayan da ake saye da tsada yau, wanne ne zai riƙe darajarsa bayan shekara hamsin, wanne ne kuma zai koma tarkace? Mutanen Amurka sun yi wannan gwajin da motocinsu na alfarma, kuma komai a rubuce yake: nawa aka sayar da mota tana sabuwa, guda nawa aka ƙera, nawa ake sayenta yanzu a gwanjo.

Ma'auni biyu zan riƙe. Na farko ƙarfi da gudu. Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira ƙarfin doki, ana kuma ƙidaya silinda, wato abin da makanikai ke nufi in sun ce mota mai fulogi huɗu ko shida. Na biyu kuwa daraja a wurin masu tara tsofaffin motoci, attajiran da ke zuba kuɗi a kan motar da ta girmi kakanninsu.

ASALIN GIDAJEN

Cadillac da Lincoln kishiyoyin juna ne har yau, amma uba ɗaya ya haife su. A 1902 Henry Ford ya saɓa da masu kuɗin da suka kafa masa kamfani a birnin Detroit, ya yi tafiyarsa. Sai suka kira wani dattijon injiniya mai suna Henry Leland don ya yi wa kayan masana'antar kuɗi a sayar. Shi kuwa ya ba su shawarar kada su rufe, aka ci gaba da aiki da sabon suna, Cadillac, sunan Bafaranshen da ya kafa Detroit a 1701.

Leland mutum ne mai tsananin son daidaito a aiki. A 1908 aka gwada shi a Ingila. An kwance motocinsa uku ƙus-ƙus, aka cakuɗa kayansu wuri guda, aka sake harhaɗa mota uku daga tarin, kuma kowacce ta yi tafiyar mil 500 lafiya lau. A zamanin da kowane ƙarfe sai an goge shi da hannu kafin ya shiga mazauninsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1912 kuma Cadillac ta kawo tayar da mota da lantarki. Kafin nan sai an tsaya a gaban mota an murɗa ƙarfe kamar mai tayar da injin markaɗe, wani lokaci ya dawo ya karya wa mutum hannu. Wannan canjin ya sauƙaƙa wa mata tuƙi ƙwarai.

A 1917 Leland ya bar Cadillac ya kafa Lincoln. Kasuwa ta juya masa baya, a 1922 aka sa kamfanin a kasuwa. Wa ya saya? Henry Ford ɗin nan, a kan dala miliyan 8, ya damƙa wa ɗansa Edsel. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Gida na uku shi ne Packard, wanda ya fara a 1899 a jihar Ohio kafin ya koma Detroit. Ita ce motar masu tsohon arziki, waɗanda ba sa son hayaniya. Tallarta ma a taƙaice take, cewa take yi a tambayi wanda ya mallake ta. A 1921 cikin Packard aka kai shugaba Warren Harding wurin rantsuwa, shi ne shugaban Amurka na farko da ya je a mota.

Na huɗu shi ne Duesenberg, aikin wasu 'yan'uwa biyu, Fred da August, waɗanda aka haifa a Jamus suka tashi a Amurka. Su 'yan tsere ne tun asali. Motarsu ta ci babban tseren Faransa a 1921, ta kuma ci na Indianapolis a 1924 da 1925 da 1927. Sun iya inji, amma ba su iya kasuwa ba, har wani ɗan kasuwa E. L. Cord ya sayi kamfanin a 1926, ya ce wa Fred ya ƙera motar da babu kamarta a duniya, kada ya damu da kuɗi.

GASAR DA AKA YI A CIKIN YUNWA

A watan Disamba na 1928 aka baje Duesenberg Model J a Niyok. Injinta silinda takwas ne a jere, ƙarfin doki 265, tana haura kilomita 180 a awa. Ki tuna a lokacin motar talaka, Ford Model A, ƙarfin doki 40 gare ta, kuma da wajen dala 500 ake sayenta. Ita kuwa Duesenberg, ƙashinta da injinta kawai, babu kujera babu rufi, dala 8,500 ne. Kamar dai ki sayi yadi ki kai wa tela. Mai kuɗi zai ɗauki ƙashin ya kai wa masu ƙera bodi irin su Murphy ko LeBaron ko Rollston, su yi masa yadda ransa ke so. Kafin a gama kuɗin ya kai dala 13,000 zuwa 20,000. Sarkin Sifen Alfonso na 13 yana cikin waɗanda suka saya.

Cadillac ba ta zauna ba. A watan Janairu na 1930 ta fito da mai silinda goma sha shida, wadda ake kira V-16. Za ki ɗauka tunda silindarta ninki biyu ce, ƙarfinta ma ninki ne. Ina! Ƙarfinta bai kai doki 200 ba, kuma da ƙyar take taɓa kilomita 160. Abin da aka nema da ita laushi ne da shiru, mota ta tashi kamar ana zuba mai a faranti, mai gida yana baya ba ya jin ko tari. Farashinta ya fara daga dala 5,000 da 'yan kai. Packard ma ta dawo da mai silinda goma sha biyu a 1932, ƙarfin doki 160, mota mai natsuwa da sauƙin sarrafawa.

Idan gudu ne, babu gardama, Duesenberg ta yi musu fintinkau. A 1932 aka ƙara mata na'urar cusa iska a inji, ƙarfinta ya kai 320. A 1935 wani direba mai suna Ab Jenkins ya ɗauki wata da aka yi wa gyara na musamman zuwa filin gishiri na Bonneville, aka yi awa 24 ana gudu, matsakaicin saurinta ya haura kilomita 215 a awa. Sai dai fa tana da nauyi, ta fi tan biyu, giyarta da tauri, tuƙinta sai namijin gaske. Wanda ke son hutu Packard ko Cadillac zai nufa.

Abin tausayi, duk wannan gasar a bakin rami aka yi ta. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, bankuna suka dinga rufewa, miliyoyin mutane suka rasa aiki suna layin miya. Masu kuɗin da suka rage ma kunya ta hana su yawo a irin waɗannan motoci a gaban masu yunwa. Duesenberg ta yi burin sayar da 500 a kowace shekara, amma a duk tsawon rayuwar Model J kimanin 481 aka ƙera. Fred ya rasu a 1932 bayan haɗarin mota, kamfanin kuma ya rufe a 1937. Cadillac V-16 kimanin 4,000 aka yi cikin shekara 11, mafi yawansu a shekarar farko. Abin da ya cece ta shi ne tana ƙarƙashin babban kamfanin General Motors, mai iya ɗaukar asara.

Packard ba ta da uban da za ta jingina da shi, sai ta nemi mafita. A 1935 ta fito da wata mota mai suna One-Twenty wadda ba ta kai dala 1,000 ba. An saye ta kamar me, kamfanin ya rayu. To amma daga ranar da akawu ya fara ajiye Packard a ƙofar gidansa, attajiri ya fara kallon Cadillac. Sunan da aka yi shekara talatin ana ginawa ya soma sanyi. A 1954 ta haɗe da Studebaker, a 1956 aka daina ƙera ta a Detroit, a 1958 sunan ya mutu gaba ɗaya.

To yau fa? Bayan yaƙin duniya na biyu akwai lokacin da ake sayar da tsohuwar Duesenberg a kan 'yan ɗaruruwan daloli, saboda shan mai da wuyar kayan gyara. Yanzu kuwa abu ne da aka saba ji a ce Model J ta wuce dala miliyan ɗaya a gwanjo. Akwai wasu guda biyu tak masu gajeren ƙashi da aka yi a 1935, ana kiransu SSJ, ɗaya ta shiga hannun ɗan fim Gary Cooper, ɗayar kuma Clark Gable. A watan Agusta na 2018 aka sayar da ta Cooper a Pebble Beach da ke Kalifoniya a kan dala miliyan 22, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan motar Amurka a gwanjo kafin ranar. Cadillac V-16 da Packard mai sha biyu suna biye, amma a nan bodi ke yanke hukunci. Inji ɗaya, shekara ɗaya, sai ki ga mai buɗaɗɗen kai ta ninka mai rufi da ƙofa huɗu sau da yawa, don ita kaɗan aka yi, kuma ita ce ke ɗaukar ido.

ZAMANIN ƘOSHI

Bayan yaƙi Amurka ta yi kuɗi, mai ya yi araha, aka shimfiɗa manyan tituna. Sai kishiyoyin nan biyu suka sake ɗaura ɗamara. Tun a 1939 Edsel Ford ya sa an ƙera masa wata mota don hutunsa a Florida, abokansa suka gani suka yaba, daga nan aka haifi Lincoln Continental. Ƙarfinta doki 120 ne kawai, amma kyanta ya sa gidan adana kayan fasaha na zamani da ke Niyok ya sa ta cikin motoci takwas da ya baje a 1951. Kamfanin Ford ya so dawo da wannan martabar, sai ya fito da Continental Mark II a 1956. Kusan da hannu ake haɗa ta, babu tarkacen ado, farashinta wajen dala 10,000, ƙarfin doki 285. Mawaƙa irin su Elvis Presley da Frank Sinatra sun saya. Kimanin 3,000 aka yi a shekara biyu, kuma an ƙiyasta kamfanin yana asarar wajen dala 1,000 a kan kowace ɗaya.

Cadillac ta mayar da martani a 1957 da Eldorado Brougham, dala 13,074, ta fi Rolls-Royce ta lokacin tsada. Ƙarfin doki 325, rufinta na ƙarfe mara tsatsa, kuma a kan jakunkunan iska take zaune a maimakon sifirin. Ga inda za ki yi murmushi, 'yar'uwa: tana zuwa da kayan kwalliyar uwargida. Akwai gwangwanin hoda, da mazubin jan baki, da madubi, da mataji, da ƙananan kofuna masu maganaɗisu a gindi don kada su zube, har da kwalbar turaren Arpège na Faransa. An ƙera 400 a 1957 da 304 a 1958, jimla 704, kuma ita ma da asara aka sayar.

Mai neman gudu a wancan zamanin kuwa, ba ɗaya daga cikin biyun zai nufa ba. Chrysler ce ta fito da C-300 a 1955, ƙarfin doki 300, kujerun fata, farashinta dala 4,000 da kaɗan. A bakin tekun Daytona ta yi gudun da ya haura kilomita 200 a awa, kuma da ita aka ci gasar tseren NASCAR ta wannan shekarar. Guda 1,725 aka yi. Kin ga motar da ba ta kai rabin kuɗin Mark II ba ta bar ta a baya.

A gwanjon yau, Brougham takan fi Mark II kuɗi, kuma dalili a fili yake: 704 da 3,000 ba ɗaya ba ne. Wani abin mamaki, 'yan kofunan nan da kwalbar turare su ne suka fara ɓacewa, yara sun yi wasa da su, an manta su a gidan biki. Yau mai Brougham da ba shi da su yakan biya dubban daloli kafin ya haɗa su, motar da nata suke cikakku kuwa farashinta daban ne. Ita Mark II, duk da kyanta, akwai lissafi mai ɗaci a kanta. Dala 10,000 ta 1956 ta haura dala 100,000 a kuɗin yau, kuma da yawa daga cikinsu ba sa kai wannan a kasuwa. Wanda ya saya ya ajiye don riba, ya yi shekara kusan saba'in yana biyan kuɗin gareji da gyara, ƙarshe ko uwar kuɗinsa bai mayar ba.

Sai kuma Cadillac ta 1959, mai fikafikan baya masu tsini kamar jirgin sama. A lokacinta har ba'a aka yi mata, aka ce ado ya yi yawa, shekara na zagayowa aka rage fikafikan. Yau ita ce hoton wancan zamani gaba ɗaya. Cadillac ta ƙera mota fiye da 140,000 a shekarar, amma Eldorado Biarritz mai buɗaɗɗen kai 1,320 ce kawai, a kan dala 7,401. Ta zo da arha a kan Mark II, amma yanzu sau da yawa ita ke gaba a gwanjo.

Akwai kuma darajar da tarihi ke bai wa ƙarfe. Lincoln Continental ta 1961 da aka harbi shugaba Kennedy a cikinta a Dallas ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ba a jefar da ita ba. An yi mata rufi da sulke, shugabanni suka ci gaba da hawanta har 1977. Yanzu tana gidan tarihi na Henry Ford a Dearborn, babu kuɗin da zai saye ta.

WAƊANDA SUKA ƁOYE DON RIBA

Wannan shi ne labarin da na fi so ki riƙe. A 1970 Cadillac Eldorado tana da injin lita 8.2 da aka ce ƙarfinsa doki 400 ne. Daga nan abubuwa suka juya. Gwamnati ta kafa dokar rage hayaƙi, a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Zuwa 1976 wannan ƙaton injin doki 190 yake bayarwa. Gaskiya ne an canza yadda ake awon a 1972, amma ko an cire wannan, ƙarfin ya zube, ga mota ta fi tan biyu.

A shekarar ce Cadillac ta sanar cewa Eldorado ta 1976 ita ce ta ƙarshe mai buɗaɗɗen kai. Zuwa lokacin mutane sun riga sun ji labarin yadda tsofaffin Duesenberg suka zama dukiya, kowa ya ce ba za a bar shi a baya ba. Aka yi rububi. Farashinta wajen dala 11,000 ne, amma wasu sun biya kusan ninki biyu. An ƙera 14,000, da yawa ba su ga titi ba, daga wurin dillali sai gareji, aka lulluɓe ana jiran ranar arziki. Ana nan, a 1984 sai ga Cadillac ta sake fito da Eldorado mai buɗaɗɗen kai. Wasu suka garzaya kotu suna cewa an yaudare su, ba su yi nasara ba. Har yau ana samun waɗannan motoci tsaf kamar sababbi, kuma yawancinsu ba sa kai abin da dala 11,000 ta 1976 ke nufi a yanzu, wato sama da dala 55,000.

Me ya bambanta su da Duesenberg? Ita Duesenberg ba wanda ya ajiye ta don riba. An hau ta, an gaji da ita, an yar da wasu, ga shi dama kaɗan aka yi. Ita kuwa ta 1976 kowa ya ɓoye tasa, sai ranar sayarwa kowa ya fito da ita lokaci guda. Abin da kowa ya ɓoye ba ya wuya a kasuwa.

ABIN DA NA TSINTA

Idan aka ce in jera su, ga yadda zan yi. A gudu da ƙarfi, Duesenberg ce sarauniyar kafin yaƙi, Chrysler 300 ta bayan yaƙi. A laushi da hutu, Cadillac V-16 da Packard. A kyan tsari, Continental. A daraja kuwa Duesenberg ce kaɗai ta haɗa komai: aikin da ya fi na zamaninsa, ƙarancin adadi, da sunayen waɗanda suka hau ta. Gudu shi kaɗai bai taɓa sa mota tsada ba, domin ƙaramar motar zamani da amarya ke zuwa kasuwa da ita za ta iya barin V-16 a baya. Tsadar ranar saye ma ba ta lamunce komai ba, ga Mark II nan shaida.

Masu wannan harka abu huɗu suke dubawa kafin su ɗaga hannu a gwanjo. Guda nawa aka yi, nawa suka rage? Injin da bodin su ne na asali, ko an yi mata dashe? Akwai takardun da ke nuna hannun da ta bi tun daga farko? Sannan wa ke sonta yanzu? Wannan na ƙarshen shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, don mutum yakan nemi motar da ya yi sha'awa yana yaro, kuma in wannan tsarar ta wuce, masu neman sukan ragu.

Don haka 'yar'uwa, duk ranar da mai talla ya zo miki da cewa wannan shi ne na ƙarshe, ki saya ki ɓoye gobe zai ninka, ki tuna da Eldorado 14,000 da aka lulluɓe a gareji. Ki tambaye shi guda nawa aka yi, kuma mutum nawa ya riga ya gaya wa wannan maganar kafin ke. Abin da kika saya don amfaninki kuwa, ki more shi, ki kula da shi, ki adana rasit ɗinsa, kada ki raina 'yan ƙananan kayan da ya zo da su, don kin ji abin da kwalbar turare ta zama.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Ku huta lafiya.